Dalilin da ya sa izgar jaki ba ta wuce damƙi ɗaya ba

Dalilin da ya sa wutsiyar jaki take tsirara, ba gashin kirki a jikinta sai ɗan tuntu a can ƙarshe, abu ne da ya kamata ku sani, yara, tun da kullum kuna yi wa jakuna dariya a kan hanya. Wanda bai taɓa lura ba ya je ya duba. Ya tsaya daga gefe, ba daga baya ba, don kada ya sha harbi, ya kama bakin wutsiyar a hankali. Zai ga gashin nan bai fi cikin hannun babban mutum ba. Amma da can ba haka yake ba.

A zamanin da, lokacin da mutum da dabbarsa suke jin maganar juna, jaki ya fi doki izga. Izga ita ce dogon gashin nan na wutsiya. Ta jaki tana farawa tun daga gindin wutsiyar, ta zubo baƙa wuluk har tana share ƙasa. In ya kaɗa ta sau ɗaya sai ta kai kunnensa na dama, ta dawo ta kai na hagu. A wancan lokaci ƙuda bai taɓa sauka a idon jaki ba.

To, a wani ƙauye da ke bakin fadama akwai wani dattijo mai suna Korau, sana'arsa saƙar zana. Da kaka yakan shiga fadama ya yanki gamba, doguwar ciyawar nan da ake zana da ita. Da rani ya zauna ya saƙa. Da bazara kuma, kafin ruwa ya sauka, ya ɗora wa jakarsa ya yi ta yawon kasuwanni, don a lokacin ne kowa yake gyaran shingen gidansa. Jakar tasa mace ce, sunanta Aura, ta shekara tara tana ɗaukar masa kaya.

Korau yana da wata ƙa'ida da ya gada a wurin ubansa. Duk inda ya yanke gamba, sai ya koma ya cinna wa tushiyar wuta. In ruwan farko ya sauka a kan tokar, ciyawar takan yi toho mai kauri, ta fi ta bara tsawo. Shekara arba'in yana yin haka, bai taɓa ganin ya ci tura ba. Gambarsa ta fi ta kowa kyau a duk fadamar, yana kuwa alfahari da wannan.

Matarsa sunanta Tarana. Su biyu ne kawai a gidan, 'yarsu ɗaya ta yi aure a wani gari mai nisa.

Wata shekara bazara ta zo da zafin da ba a saba gani ba, ƙudaje suka yi yawa har mutum ba ya iya buɗe ƙwarya ya sha fura sai ya tsame biyu ko uku. A cikin wannan hali ciwon ido ya kama Tarana. Idanun suka yi jawur, suka kumbura, kwantsa tana manne su kowace safiya. Ƙudaje kuwa abin da suke so ke nan. Ta kora da hannu, su tashi, su kewayo, su sauka inda suka tashi.

Wata tsohuwa mai magani ta zo ta duba ta, ta ba da saiwar da za a jiƙa a riƙa wanke idon. Ta ce: "Maganina yana aiki, amma ba ya aiki tare da ƙuda. Kwana arba'in ake so, kada ko ɗaya ya sauka a idon nan. In kun bar su, abin da ya sami uwarta shi zai same ta."

Uwar Tarana da wannan ciwo ta makance. Tarana tana budurwa ita take yi mata jagora, saboda haka ta san abin da ake nufi.

Suka gwada duk abin da aka sani. Korau ya tara busasshen kashin shanu ya yi hayaƙi a tsakar gida. Ƙudaje suka gudu, amma hayaƙin ya shiga idon ya ƙara masa raɗaɗi. Ya rataya ganyen ɗoɗɗoya a ƙofar ɗaki, sauro ya ragu, ƙuda ko a jikinsa. Ya saƙa mata mafici na kaba, ta yi ta fifita har kafaɗarta ta sage, da ta ajiye don ta tuƙa tuwo sai su dawo.

Aura tana turke tana kallon wannan duka. Rana ta uku ta ce: "Maigida, kwance ni."

Da ya kwance ta sai ta taka zuwa inuwar da Tarana take zaune, ta juya mata baya, ta fara kaɗa izga a hankali. Gashin yana wucewa ta gaban fuskar Tarana da 'yar iska mai sanyi. Ko ƙuda ɗaya bai ƙara sauka ba.

Tarana ta yi ajiyar zuciya ta ce: "Ashe maganin yana turke muna ta ƙona kashin shanu."

Kwana shida Aura tana wannan tsayuwa daga hantsi har faɗuwar rana. Kumburin ya fara saɓewa. Amma zanakun da Korau ya saƙa duk rani suna jingine a bayan ɗaki, gajimare ya fara taruwa a gabas, hatsin rumbu kuma ya kusa ƙasa. In ruwa ya sauka kafin a sayar, kowa ya riga ya gyara shingensa, ba mai saye sai baɗi. Zana kuwa ba ta zuwa kasuwa sai a bayan jaki.

Tarana ce ta fara magana. Ta ce: "Maigida, ɗauki Aura ku tafi."

Ya ce: "In tafi in bar ki da su? Ba inda za ni."

"To in idon ya warke me zai kalla? Tukunya ba komai a ciki?"

"Gara tukunya ba komai da ki riƙa laluben ta."

Can sai Aura ta ce: "Ku tsaya in faɗi tawa. Bayana kuke buƙata a kasuwa, izgata kuke buƙata a gida. To a raba mana. Maigida, yanke izgar ka bar wa uwar gida, ni da kai mu kama hanya."

Korau ya ce: "Ke kuma fa? Hanyar kasuwa ta kurmi take bi, kin san ƙudan tsando da ke wurin, cizonsa har jini."

Ta ce: "Gashi ne, zai fito. Bara waccan ƙaya ta tsinke mini kusan rabi, kafin kaka ya dawo. Wata uku zan daure. Ido kuwa in ya tafi ba ya dawowa."

Tarana ta ƙi, ta sake ƙi, sa'an nan ta yi kuka ta yarda.

Korau mutum ne mai tsari a aikinsa. Ya wasa laujensa har yana aske gashin hannu. Ya shimfiɗa tabarma. Ya damƙe bakin wutsiyar da hannun hagu don kada ta motsa ya yanke ta, ya soma daga sama, yana yanka kaɗan-kaɗan, yana jera gashin a tabarma kai da kai yadda yake jera gamba. Da ya iso inda hannunsa yake sai ya tsaya, ya bar abin da ke cikin damƙinsa.

Ya dubi wutsiyar. Guntayen gashi ne tsaitsaye, tamkar tushiyar gamba bayan yanka. Tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa ba zai bar baiwar Allahn nan ta yi wata uku tana jira ba, alhali ya san yadda ake sa abin da aka yanka ya fito da sauri, ya fi na da kauri.

Ya ce: "Aura, saura abu ɗaya. Zan bi tushiyar da 'yar wuta, yadda nake yi wa fadama. Kafin ruwa na uku za ki ga izgar da doki zai yi miki hassada."

Ta ce: "Da zafi?"

"Kaɗan. Yanzu-yanzu ya wuce."

Ta ce: "Na ga fadamarka, ba wadda ta kai ta. Kai ka san aikinka."

Ya zaro tsinken gamba busasshe, ya kunna a murhu, ya bi wutsiyar da shi daga sama zuwa ƙasa, gefe da gefe, bai bar ko'ina ba, don shi ba ya aiki rabi da rabi. Gashin da ke cikin hannunsa kaɗai wutar ba ta taɓa ba, don ya ƙi saki, har ta lashe masa bayan yatsu. Aura ta yi rawar jiki tun daga kunne har kofato, amma ba ta yi harbi ba.

Tarana daga inuwa, idanunta a rufe, ta ce: "Me ke ƙauri haka?"

Korau ya ce: "Ba komai, gyara ne."

Ya naɗe gashin ya kai wa Jatau baduku. Jatau ɗan kawunsa ne, abokin wasansa, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da ya ga abin da ke cikin tabarmar sai ya ce: "Kai, mai ciyawa, tsufa ya sa ka koma wanzami? Wa ka aske?"

Korau ya gaya masa. Jatau ya juya gashin a hannu, ya ce kada a yi masa mariƙi irin na abin kora, don hannun Tarana zai sake gajiya. Zai ɗinke shi a jikin siririyar fata, ta ɗaura a goshi, gashin ya zubo ya rufe fuskar. Iska ta shiga, haske ya shiga, ƙuda ya rasa hanya. Ya ɗauki basilla ya fara ɗinki.

Yana ɗinki yana cewa: "Jakar nan ta fi ka hankali, na daɗe da faɗa. Sai dai za ta sha cizo kafin ya fito."

Korau ya gyara zama ya ce: "Ba zai daɗe ba. Na bi tushiyar da wuta."

Basillar ta tsaya. Jatau ya ce: "Ka bi me da me?"

"Da wuta. Yadda nake yi wa gamba."

Jatau bai yi dariya ba, abin da Korau bai taɓa gani ba ke nan. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo wata fatar sa da ba a jeme ba, ya shimfiɗa a gabansa, ya nuna wani wuri a cinya, sumul, ba ko silin gashi. Ya ce: "Taɓa nan. Wannan sa an yi masa lalas da ƙarfe mai zafi yana maraƙi. Da tsufa aka yanka shi. Ka ga gashi ya fito? Fata ba fadama ba ce, ɗan goggo. Ita in ta ci wuta shi ke nan."

Korau ya shafa wurin da yatsunsa masu ƙuna. Ya daɗe yana shafawa. Sa'an nan ya ce: "Ai wannan ƙarfe ne. Tawa wutar ciyawa ce. Bari dai ruwa ya sauka."

Jatau ya ce: "Allah ya sa." Ya koma ɗinkinsa, bai ƙara tsokanarsa ba ranar.

Abin goshin ya yi aiki yadda Jatau ya faɗa. Tarana ta ɗaura, tana daka, tana tuƙi, tana wanke idonta da jiƙon saiwa, ƙudaje suna ta kewaya kanta ba su sami mashiga ba. Korau da Aura suka ci kasuwa bakwai, suka sayar da zana duka, suka auno dawa.

Amma hanyar kurmi ta zame wa Aura azaba. Ƙudan tsando ya sauka a wuyanta, ta kaɗa wutsiya yadda ta saba, wutsiyar ta bugi iska ta dawo. Ƙananan ƙudaje suka gano gefen idonta, wurin da kakanninsu ba su taɓa sauka ba. Korau ya karyo reshe mai ganye, ya daina bin bayanta, ya koma tafiya daidai kanta yana kora mata. Masu wucewa suna dariya, suna cewa ga bawan jaki. Ya ci gaba da kora mata.

Ruwa ya sauka. Kwana huɗu fadama ta yi kore shar, tohon gamba ya huda toka ko'ina. Korau ya fito da Aura ya tsayar da ita cikin ruwan sama, har na biyu, har na uku. Kowace safiya kafin ya wanke fuska sai ya je turke ya ɗaga wutsiyar ya duba ta a hasken rana. Ya shafa mata man kaɗe. Ya shafa mata dakakken ganye. Wata rana har taki ya kwaɓa ya shafa. Ƙunar ta warke sarai, ɗan gajeren gashi irin na jiki ya rufe wurin, amma izga ko sili ɗaya.

Ran kwana arba'in Tarana ta kwance abin goshin, ta wanke fuska, ta buɗe ido. Ta ga rumbu, ta ga kaji, ta ga ganyen kuka ɗaya-ɗaya. Ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Sa'an nan ta nufi turke don ta yi wa Aura godiya. Ba wanda ya gaya mata komai, tana zaton za ta tarar da sabon gashi ya kai tsawon hannu.

Ta tsaya. Ta dubi wutsiyar, ta dubi fuskar Aura. Idanun jakar sun yi ja, hawaye ya yi hanya a kumatunta, ƙudaje sun jeru a gefen kowane ido kamar shanu a bakin rafi.

Tarana ta ce: "Maigida. Ƙaurin nan da na ji."

Korau ya zo ya durƙusa a gaban jakarsa, dattijo da furfura. Ya ce: "Aura, ba zai fito ba. Jatau ya gaya mini tun ran nan, na ƙi ji. Ni na kashe miki shi da hannuna."

Aura ta ce: "Na sani. Tun ran da ƙunar ta warke na ji wurin ya yi shiru."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kullum da safe kana zuwa da man kaɗe. Na ce bari in ƙyale ka, kai ma kana buƙatar abin yi."

Ya ce: "Ki yafe mini."

Ta girgiza kai don ta kori ƙudaje, suka tashi, suka dawo. Ta ce: "Ba zan yi maka ƙarya ba, maigida. Da tsakar rana in sun taru a idona, ina jin haushinka ƙwarai. In la'asar ta yi sai ya wuce. Ba da mugunta ka yi ba, da abin da ka iya ka yi. Uwar gida, matso in ga idon nan da kyau. To, madalla. Ya yi fari."

Tarana ta ƙara matsowa. Ta kori ƙudajen da hannu, ta wanke idanun Aura da sauran jiƙon saiwar, ta ɗauko abin goshin ta ɗaura mata a ƙarƙashin kunnuwa. Izgar ta zubo a fuskar mai ita.

Wannan ya taimaka, amma gashin da aka raba da tushensa ba ya daɗewa. Rana ta ci shi, ƙaya ta ja shi, ya riƙa karyewa sili-sili. Korau kuwa ya ci gaba da ƙona fadamarsa, don ita wutar take so, sai dai duk ranar ƙuna a gida yake barin Aura.

Da shekara ta kewayo Aura ta haihu. Korau da Tarana suka rugo turke, kuma in faɗa muku gaskiya, ba wanda ya duba ko namiji ne ko mace. Wutsiya suka duba. Ga ta 'yar siririya, tsirara, da ɗan tuntu a baki. Korau ya sa hannu ya damƙa, gashin ya ɓace a cikin hannunsa. Ya saki, ya koma gindin rumbu ya zauna, ranar bai saƙa komai ba.

Bazara ta sake zuwa. Abin goshin ya zama fata zalla da 'yan sili biyar ko shida. Tarana takan zo da mafici ta zauna tsakanin uwa da ɗa, ta yi wa wannan ta yi wa wancan, amma ita ma ƙarfinta ya ragu, kuma akwai daka, akwai rijiya. Wata rana da azahar tana can wajen ɗiban ruwa, ƙudaje suka rufe fuskar ɗan jakin. Ya yi ta kaɗa 'yar wutsiyarsa, ya yi ta juyi yana bin ta, har ya gaji ya fara kuka.

Ya ce: "Inna, ba ta kaiwa."

Aura ta ce: "Na sani. Tawa ma ba ta kai fuskata. Zo nan kusa da ni. A'a, ba haka ba, juya. Kanka wajen wutsiyata. Matso, har cikinka ya taɓa nawa. To, kaɗa."

Ya kaɗa, tuntunsa ya share idon uwarsa. Ta kaɗa, nata ya share nasa.

Haka Tarana ta dawo ta same su, tulu a kanta. Ta sauke tulun a hankali don kada ta firgita su, ta je ta kira Korau. Suka tsaya a bakin zaure suna kallo.

Shi ya sa har yau izgar jaki ba ta wuce abin da hannun Korau ya rufe ba. Shi ya sa kuma in zafi ya yi, ƙudaje suka yi yawa, za ku ga jakuna biyu a gindin itace sun tsaya jiki da jiki, kan wannan wajen wutsiyar wancan, ko da ba gidansu ɗaya ba. In kun gan su haka, ku kewaye ta gefe ku wuce. Kada ku kori ɗaya ku bar ɗaya.